A GWADA KAFIN A SAYA: ZAƁEN MOTA GA MAI JIKI DA MAI CIWON BAYA



An umurce ni in yi magana a kan yadda mutum mai jiki, wanda kuma yake fama da ciwon baya, zai zaɓi motar da ta dace da shi. Na san wani zai ce a ransa, ashe wannan ma abin tara jama'a ne? Wanda Allah Ya hore wa kuɗin mota, ai sai ya je ya nuna wadda ransa yake so. To, ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci.

In an ɗebe gida, mota ita ce abu mafi tsada da yawancinmu za mu saya a rayuwa. Wani yakan yi shekara da shekaru yana tari, wani ya ci bashi, wani kuwa kuɗin sallamarsa daga aiki zai zuba gaba ɗaya. In aka yi kuskure wajen zaɓe, ba a mayar da ita kamar hular da ta yi kaɗan. Ciwon baya kuma ya zama ruwan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke hana mutane aikinsu.

Ina da wani abokin aiki, dogo kakkaura, wanda ya ga hoton wata mota a wayar dillali, ta shiga ransa. Mota ce mai kyan gani, doguwa, ta kwanta ƙasa kamar kada. Ya aika da kuɗi, aka kawo masa ita har ƙofar gida, muka je muka yi masa barka. Ba a yi wata uku ba sai ya zamana in ya taso daga Kaduna za shi Kano, tafiyar da ba ta wuce kilomita 230 ko kusa da haka ba, tilas ya tsaya a Zariya ya fito da ƙyar, ya dafa bodi, ya jima kafin ya iya miƙewa sosai. Daga baya ya sayar da ita da hasara mai yawa. Motar ba ta da laifin kome, injinta ƙalau. Cinikin biri a sama ya yi, ya sayi abin da bai taɓa zama a cikinsa ba.

Saboda haka abin da zan faɗa yau a taƙaice shi ne wannan: mota kamar takalmi take, da jikin mai ita ake aunawa. Sauran bayanin duka a kan yadda za a yi awon ne.

ABIN DA TUƘI KE YI WA BAYA

Ƙashin bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a daidai haƙarƙari, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai taushi, wanda aikinsa ya yi kama da na gammo tsakanin kai da tulu. Biyar ɗin nan na ƙugu su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke samansu, shi ya sa mafi yawan ciwon a nan yake sauka.

In mutum ya miƙe tsaye, ƙugunsa yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Kowa ya kai hannu bayansa zai ji shi. Da zarar ya zauna ya saki jiki, sai wannan lanƙwasa ya baje, nauyi ya taru a gaban faifan. A shekarun 1960 wani likitan ƙashi na ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna nauyin da ke sauka a kan waɗannan faya-fayai a jikin mutane, ya tarar wanda ya zauna ya duƙa gaba ba majingini ya fi ɗora musu nauyi bisa ga wanda yake tsaye. A 1974 shi da abokan aikinsa suka yi irin wannan awo a kan kujerar direba, suka ga nauyin yana raguwa in an ɗan kwantar da majingini baya, aka kuma tokare ƙugu.

Zaman mota kuwa ya fi zaman ofis wahala. A ofis ƙafafunka suna ƙasa suna tallafe da kai, kana iya tashi duk sa'ad da ka ga dama. A mota ƙafafu suna kan totur da birki, ba damar tashi, ga kuma jijjiga. Masana sun gano cewa jijjigar da ke kai da komowa sau 4 zuwa 8 a cikin daƙiƙa ita ta fi taɓa jikin mai zama, kuma irinta mota take yi a kan gargada. Mai jiki kuma yana da nasa ƙarin. In teɓa ta tokare sitiyari, sai ya tura kujera baya, hannuwa su kasa kaiwa, ya duƙo gaba don ya kama, ya rabu da majingini. Ya koma ke nan irin zaman da likitan nan ya ce ya fi nauyaya wa baya.

GIRMAN WAJE DABAN, NA CIKI DABAN

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka babbar mota ita ce mai yalwa. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai manyan motoci da aka cika tsakiyarsu da wani faffaɗan akwati tsakanin direba da na kusa da shi, har gwiwar dama ta rasa wurin motsi. Akwai masu rufi mai gangarowa don ado, akwai kuma masu taga a rufi, wadda ke cinye wani abu daga sararin da ke bisa kai. A ɗaya gefen kuma, za ka ga matsakaiciyar mota mai tsayin rufi wadda ƙato zai zauna ciki ya sake.

Ba aikin gwamnati ba ne ta ce wa ɗan ƙasa ya sayi motar kamfani kaza. Amma ana iya magana a kan iri. Motocin da suka kwanta ƙasa ƙwarai su suka fi wahalar da mai ciwon baya. Manyan jif-jif da a-kori-kura suna sa mutum ya yi hawa, sa'an nan a-kori-kura in ba kaya a bayanta takan yi ta tsalle, domin don ɗaukar kaya aka ƙera sifirinta. Waɗanda suka fi sauƙi ga mafi yawan masu jiki su ne matsakaitan jif-jif da motocin iyali masu tsayin rufi, da kuma wasu manyan motocin shiga waɗanda kujerarsu ke ɗagawa sama.

Kada kuma a mance da aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban abin lissafi a kowane gida. Wanda ya sayi ƙatuwar mota don bayansa, ya kasa zuba mata mai, sai ya wayi gari a matse cikin motar haya, mutum huɗu a kujerar mutum uku. Daidai ruwa, daidai tsaki.

SHIGA DA FITA

Gwaji na farko tun kafin a ta da inji ake yinsa. Buɗe ƙofa ka tsaya kusa da kujera. In kujerar ta zo daidai kwankwasonka ko ƙasa da shi kaɗan, za ka zauna kamar yadda kake zama a kujerar gida. In sai ka faɗa ciki kamar mai shiga rami, ko sai ka kama wani abu ka ja jikinka sama, to ka tuna sau nawa za ka yi haka a yini, kwana nawa kuma a shekara.

Duba ko ƙofar tana buɗewa sosai, ko kuma sai ka sunkuyar da kai ka murɗa wuya kafin ka shige. Mai ciwon baya ya fara juya wa kujera baya ya zauna, sa'an nan ya shigo da ƙafafu biyu tare, ya juya jikinsa gaba ɗaya. Wajen fita ma haka. Murɗa ƙugu a lokacin da nauyin jiki ke kan ƙafa ɗaya yana daga cikin abubuwan da ke ta da ciwo.

KUJERA

A wurin mai ciwon baya, kujera ita ce rabin mota. Ga abubuwan da za a duba a jikinta.

Na farko, faɗi. Wasu kujeru suna da tudu a gefe da gefe don su riƙe direba a kwana. Ga siriri abu ne mai kyau. Mai jiki kuwa a kan tudun zai zauna, ya matse masa cinya, ya karkatar da ƙugu. Nemi kujera mai faɗi wadda gefenta bai yi tudu da yawa ba.

Na biyu, tsawon mazauni. In ka zauna ka manna bayanka, ya kamata cinyarka ta sami tallafi, amma a bar sararin yatsa biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa.

Na uku, tsayi. Kwankwaso ya zo daidai da gwiwa ko ya ɗan fi ta bisa. In gwiwoyi sun yi sama, ɗuwawu ya nutse, lanƙwasan ƙugu ya baje ke nan. Kujerar da ake iya ɗaga ta sama, a kuma karkata gabanta, ta fi wadda ba ta motsi sai gaba da baya.

Na huɗu, majingini. A ɗan kwantar da shi kaɗan, kamar digiri 100 zuwa 110. Kwantar da shi can baya kamar yadda samari ke yi yana sa wuya ya miƙo gaba. Kujeru da yawa suna da wani abin tokare ƙugu da ake turowa ko a mayar, mafi kyau kuma shi ne wanda ke hawa sama da ƙasa, domin ƙugun dogo da na gajere ba a wuri ɗaya suke ba.

Na biyar, matashin kai. Samansa ya zo daidai da saman kanka, ya kuma kusanci ƙeya. An sa shi ne don ya tare kai in an buge motar ta baya. Masu cire shi don ado suna wasa da wuyansu.

Kada taushi ya ruɗe ku. Kujerar da mutum ke nutsewa ciki tana da daɗi a minti biyar na farko, bayan awa guda kuwa baya ne zai biya. Wadda ta ɗan yi tauri, ta riƙe jiki, ita ta fi.

SITIYARI DA BEL

Yanzu mun zo inda jin daɗi ya haɗu da tsare rai. Motocin zamani suna da jakar iska a cikin sitiyari, wadda ke fashewa da ƙarfi cikin ƙiftawar ido in an yi karo. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla santimita 25, watau inci 10, tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari. Mai jiki ya nemi motar da sitiyarinta ke ɗagawa sama da ƙasa, yana kuma jawowa ko turawa ciki. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: manna kafaɗunka a majingini, ka miƙa hannu. In wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta rabu da kujera ba, nisan ya yi. Sa'an nan taka birki har ƙarshe. In gwiwa tana da sauran ɗan lanƙwasa, ƙafa ma ta yi daidai.

Bel mai ratsa kafaɗa da cinya, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. A ƙasarmu Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura shi daga farkon shekarar 2003. Amma mun sha ganin masu jiki suna ratayo shi a kafaɗa kawai don idon ma'aikata, ko su maƙala shi ta bayan kujera, wai ya yi musu kaɗan. Jama'a, motar da bel ɗinta bai zagaye ka ba, ba taka ba ce, kome kyanta. A gwada shi kafin ciniki. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin teɓa, a kan ƙashin kwankwaso. Na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa, kada ya goga wuya. Kada a kai wa tela ya ƙara masa tsawo, domin ɗinkin zai tsinke a ranar da ake bukatarsa.

GIYA, TAYA DA SHAKAZOBA

Wanda yake zaune a Legas, ko Kano, ko Onica, ko Fatakwal, ya san sau nawa ake taka kuloci a cikin cunkoso. Kowace takawa tana jan tsokar cinya da ƙugu ta gefe ɗaya. Mai ciwon baya, musamman wanda ciwon ke sauka ƙafarsa ta hagu, motar da ke canja giya da kanta ta fi masa sauƙi. Ya dai tabbata akwai bakaniken da ya iya gyaranta a garinsu.

Dattawan da ke nan za su tuna da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan masana'antar ta fara aiki a 1975. Abin da ya sa ta yi suna a hanyoyinmu shi ne sifirinta mai shanye gargada da tayoyinta masu kauri. Yau an koma yayin manyan ƙafafu da siraran tayoyi, alhali kuwa taya ita ce matashi na farko tsakanin mutum da rami. A jikin kowace taya akwai lambobi. In an rubuta 205/65 R15, lambar tsakiya tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta, watau wajen milimita 133. In an rubuta 225/45 R18, tsayin bai wuce milimita 101 ba. Ta farkon ta fi shanye duka. Haka kuma kada a bar mai faci ya cika iska da ka. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin motar, kuma iska in ta yi yawa mota takan yi ta dukan mutum daga ƙasa.

MOTAR DA AKA YI AMFANI DA ITA

Yawancinmu tsohuwar mota muke saya, ko ta waje ko ta gida. A nan sai an ƙara lura. Soson kujerar direba shi ke fara mutuwa, musamman ta gefen ƙofa inda ake shiga da fita. Kujera ta karkace, mai zama ya karkace, bai sani ba. Dillali yakan rufe ta da sabuwar riga, saboda haka a ɗaga rigar a danna da hannu, a kuma zauna a kujerar gefe a kwatanta. A taɓa kowane maɓalli da kowane mariƙi na kujera a ga yana aiki. A sa bakanike amintacce ya duba shakazoba, domin wadda ta mutu takan bar mota tana lilo bayan an wuce rami.

Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, motocinmu kuma sitiyarinsu a hagu yake. Akan shigo da masu sitiyari a dama a juya su. In aikin bai yi kyau ba, sai sitiyari ko fedoji su kauce daga tsakiyar kujera, direba ya yini a murɗe. Zauna ka duba: sitiyari ya kasance tsaf a gabanka, ƙafarka ta dama kuma ta kai totur da birki ba tare da ka juya ƙugu ba.

YADDA ZA A YI GWAJI

Je ka da kanka, kada ka aika. Sa irin tufar da ka saba fita da ita. In mai babbar riga da hula ne kai, gwada da su, domin motar da ke ture maka hula za ta koya maka tuƙi a sunkuye. Haka uwargida mai ɗaurin kallabi. In ka zauna, gyara rigar, kada ta dunƙule a bayanka. Fid da walat da waya daga aljihun baya, domin zama a kansu yana karkatar da kwankwaso.

Zagaye ɗaya a harabar dillali bai isa ba. Nemi a ba ka aƙalla rabin awa, ka bi kwalta, ka bi hanya mai ramuka, ka shiga cunkoso, ka yi ribas ka ga ko madubai sun isar maka ko sai ka murɗa jiki. Sa'an nan ka tafi gida ka kwana, ka saurari abin da bayanka zai ce da safe. Jiki magayi. Dillalin da ya ce sai yau, in ba haka ba wani zai saye, ka ce masa Allah Ya sa alheri. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa.

WANDA BA SHI DA HALIN SAUYA MOTA

Na san a cikinmu akwai direbobin haya da na ma'aikatu, waɗanda ba su suka zaɓi motar da suke tuƙawa ba. Ku ma akwai abin da za ku yi. A naɗe ƙaramin tawul a sa a lanƙwasan ƙugu, daidai inda mazagi yake. A kai kujerar da ta mutu wurin masu kushin su sake mata soso. A doguwar tafiya a tsaya bayan kowace awa ɗaya ko biyu, a fito a ɗan taka. Da isowa kuma kada a zarce but a sunkuci buhu, a fara miƙewa a yi 'yan taku tukuna. Masu motocin haya da shugabannin ma'aikatu, ina kira gare ku: gyaran kujerar direba bai kai kuɗin jinyarsa ba.

Amma fa mota ba magani ba ce. Tafiya a ƙasa kullum, da rage ƙiba ga wanda likita ya shawarta, sun fi kowace kujera amfani. Akwai kuma alamun da ba a jira da su. In ƙafa ta fara mutuwa ko ta yi rauni, in fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, in tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, to a tafi asibiti a ranar. In ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, a je a bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Akwai asibitocin ƙashi na Tarayya a Dala ta Kano, da Igbobi ta Legas, da Inugu, ban da asibitocin koyarwa da na jihohi. Wanda ƙafarsa ta dama ba ta da ƙarfin taka birki da sauri, ko yake shan maganin ciwo mai sa barci, ya haƙura da tuƙi har likita ya sallame shi. A wannan hali ran fasinja da na mai tafiya a ƙasa ma yana hannunsa.

Jama'a, ranar da za ku je sayen mota, mutane da yawa za su ba ku shawara. Aboki zai yabi suna, dillali zai yabi fenti, yara za su yabi fitilu. Ba ko ɗaya daga cikinsu da zai zauna a kujerar nan daga Abuja zuwa Maiduguri a madadinku. Ku saurare su da ladabi, sa'an nan ku buɗe ƙofa ku zauna, ku ɗaura bel, ku bar bayanku ya yanke hukunci.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya.